Rairayi da Hayaƙi: Fa'idodi da Illolin Yawon Ganin Tarihin Yahudawa a Tsibirin Kurasawo

Duk wanda ya shiga majami'ar Mikvé Israel-Emanuel da ke birnin Willemstad, ƙafarsa ce take fara ba shi labari kafin idonsa. Farin rairayi aka shimfiɗa a daɓen ɗakin, mai laushi, mai haɗiye ƙarar takalmi. Sai ya ɗaga kai sannan zai ga manyan ginshiƙai huɗu da aka raɗa wa sunayen Saratu, Rifkatu, Rahila da Lai'atu, ya ga fitilun tagulla suna reto daga rufi, da kujerun katakon mahogani da shekaru suka mayar da su kamar an shafa musu mai. An buɗe wannan ɗakin ibada a shekarar 1732, kuma tun daga lokacin ba a daina ibada a cikinsa ba. A duk nahiyar Amurka, ta Arewa da ta Kudu, babu majami'ar Yahudawa da ta kai shi daɗewa ana amfani da ita ba yankewa.

Kurasawo ƙaramin tsibiri ne a kudancin tekun Karibiyan, kimanin kilomita 65 daga gaɓar Benezuwela. Faɗinsa murabba'in kilomita 444 ne, mutanensa kuma sun ɗan haura dubu 150. Ƙasa ce mai cin gashin kanta a cikin Masarautar Holan tun 10 ga Oktoban 2010. Rana ce da zafi da iska mai gishiri, ruwan sama kaɗan, ƙasar kuma duwatsu da ƙaya. Yau babban abin da ke kawo wa tsibirin kuɗi shi ne baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda mafi yawansu ruwan teku da farin yashin gaɓa suka zo nema. A cikin wannan kasuwa ne aka samu wani reshe na musamman: ɗan jagora ya kwashi baƙi, ya zaga da su wuraren tarihin Yahudawan tsibirin, yana tafe yana bayani.

Zagayen yakan ɗauki rabin yini. Ana farawa daga unguwar Punda, inda majami'ar take a wani lungu da ake kira Hanchi Snoa, domin mutanen gari Snoa suke ce wa ginin. Daga nan a shiga gidan adana kayan tarihi da ke harabarta, wanda aka buɗe a 1970, a ga naɗaɗɗun littattafan Attaura da kayan azurfa da tsohon kwarmin wankan tsarki. Sai a hau mota zuwa unguwar Scharloo a ga manyan gidajen da attajiran Yahudawa suka gina a ƙarni na 19. Idan lokaci ya bari, a ƙarasa tsohuwar maƙabartar Beth Haim. Wannan sana'a tana da alheri mai yawa, tana kuma da lahanin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina kusan dukansu biyun a bakin ɗan jagora suke rataye.

Abin da ake samu

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Mutum zai iya wuce wannan gini mai ruwan ɗorawa sau goma bai san cewa tarihin shekara ɗari biyar ne ke bayan katangar ba. Fa'idar farko ta jagora ita ce ya buɗe wa baƙo ido, kuma labarin da zai ba shi ya taɓa abin da mai karatun tarihin Musulunci ya riga ya sani. A 1492 daular Garnaɗa ta faɗi, aka kawo ƙarshen mulkin Musulmi a Andalus. A wannan shekarar ce Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka ba Yahudawan Sifaniya zaɓi: ko su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar. Da yawa suka tsallaka Fotugal, sai a 1497 can ma aka tilasta musu shiga Kiristanci. Suka rayu suna Kiristoci a fili, wasunsu suna riƙe da addinin kakanninsu a ɓoye, kotunan bin diddigin aƙida na cocin Katolika kuma suna farautarsu. Irin wannan ƙaddara ce ta faɗa wa Musulmin Andalus, waɗanda aka kore ragowarsu tsakanin 1609 da 1614. Gatari ɗaya ne ya sare itatuwan biyu.

Jikokin waɗannan Yahudawa sun samu mafaka a Amsterdam, inda suka koma addininsu a fili. Da Turawan Holan suka ƙwace Kurasawo daga hannun Sifaniyawa a 1634, hanya ta buɗe. A 1651 wani mai suna João d'Yllan ya kawo rukunin farko, suka kafa jama'ar da suka kira Mikvé Israel, wato Begen Isra'ila. A 1659 Isaac da Costa ya iso da wasu kimanin saba'in, ɗauke da littafin Attaura daga Amsterdam. Noma suka zo yi, ƙasa ta ƙi ba da amfani, sai suka juya ga fatauci da sufurin jiragen ruwa. Sun iya Sifaniyanci da Fotugis, suna da dangi a kowace tasha, saboda haka suka zama dillalai tsakanin Turai da gaɓar Amurka ta Kudu. A ƙarni na 18 yawansu ya kusa dubu biyu, sun fi kowace al'ummar Yahudawa girma da arziki a wancan ɓangare na duniya. Har gudummawa suka aika aka gina majami'u a New York da Newport. Wanda ya ji wannan daga bakin masani, yana tsaye a inda abin ya faru, ya tafi da ilimin da karatun shafi goma ba zai dasa masa a zuciya ba. Gani ya kori ji.

Jagora mai zurfi yakan ƙara da wasu labaran da ke nuna yadda ƙaramin tsibiri ya taɓa manyan al'amura. A 1812, da aka ci Simón Bolívar, jagoran masu neman 'yancin kai daga Sifaniya, da yaƙi a Benezuwela, Kurasawo ya gudo, wani lauya Bayahude mai suna Mordechai Ricardo ya taimaka masa, 'yan'uwan Bolívar mata kuma suka zauna a wani gida mai kusurwa takwas da har yau yana nan a bakin teku. George Maduro, ɗan tsibirin, ya yi yaƙi da sojojin Jamus a Holan a 1940, ya mutu a sansanin Dachau a 1945, kuma don tunawa da shi ne aka gina wurin shaƙatawa na Madurodam a birnin Hague. A 1940 ɗin dai, wani jami'in jakadancin Holan a Lituweniya, Jan Zwartendijk, ya riƙa rubuta wa Yahudawa masu gudun mutuwa takardar cewa ba a buƙatar biza don shiga Kurasawo. Da wannan takarda jami'in jakadancin Japan, Chiune Sugihara, ya ba su izinin ratsawa. Fiye da mutum dubu biyu suka samu takardar. Kusan babu wanda ya ƙarasa tsibirin, amma sunansa kaɗai ya fitar da su daga bakin kura.

Fa'ida ta biyu ta fi ta farko nauyi a aljihu, kuma ita ce nake ganin ta fi ƙarfin hujja. Al'ummar da ta kusa dubu biyu yau ta koma 'yan ɗaruruwa. Matasa suna tafiya karatu Holan ko Amurka, da yawa ba sa dawowa. Gini kuwa bai san an ragu ba. Tsofaffin gine-ginen Willemstad da dutsen murjani da yashin teku aka yi su, gishirin da ke cikinsu yana fitowa yana cin katanga daga ciki, sai an yi ta yaɓe da fenti a kai a kai. Ga katako mai son kulawa, ga tsohon molon bututu da aka kafa tun 1866, ga littattafan fata da danshi da zafi ke yi wa barazana, ga albashin masu gadi da masu shara. 'Yan iyalai kaɗan ba za su iya ɗaukar wannan kaya su kaɗai ba. Kuɗin shiga da baƙi ke biya, da abin da suke saye a kantin tsaraba, da gudummawar waɗanda abin ya taɓa zuciyarsu, suna rage wa jama'ar nauyi ƙwarai.

Wanda yake shakkar haka ya dubi maƙwabta. A tsibirin Sint Eustatius an gina majami'ar Honen Dalim a 1739. Bayan da Admiral Rodney na Ingila ya washe tsibirin a 1781, ya ƙwace dukiyar Yahudawa ya kori mazajensu da dama, al'ummar ta watse a hankali, yau katangu ne kawai a tsaye ba rufi. A Barbados, majami'ar Nidhe Israel da aka kafa tun wajen 1654 an sayar da ita a 1929 bayan masu ibada sun ƙare, aka mayar da ita ofisoshi, har aka kusa rushe ta, sai a shekarun 1980 aka ceto ta aka gyara. A 2008 masu tonon tarihi suka gano kwarmin wankan tsarki binne a harabarta. Yanzu baƙi suna ziyartar wurin. Ginin da ba mai taka shi ƙwari da ciyawa ne ke gadonsa.

Akwai kuma amfanin da ba na kuɗi ba. A addinin Yahudawa, addu'ar jam'i ba ta cika sai da baligai goma. Ga ƙaramar al'umma, baƙin da ke halartar ibadar daren Juma'a da safiyar Asabar suna cika sahu, suna sa ɗakin ya yi ɗumi. Wasu iyalai ma daga Amurka suke tasowa takanas don a ɗaura musu aure ko a yi bikin balagar ɗansu a kan wannan rairayi. Tsohon da ya ga ɗakin da kakanninsa suka gina cike da mutane, ko da baƙi ne, ya san abin bai mutu ba tukuna.

Ga wanda ba Bayahude ba kuma, ziyarar tana gyara masa wani abu a kai. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa haɗuwa da Bayahude ido da ido ba, abin da muka sani daga labaran yaƙin Gabas ta Tsakiya muka ji shi. Wanda ya tsaya a Snoa zai ga mutane masu fuskantar Ƙudus in za su yi addu'a, masu wankan tsarki, masu kaciya, masu ƙin naman alade, masu girmama Annabi Ibrahim da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare su. Zai kuma lura cewa ginin ya girmi ƙasar Isra'ila ta yau da shekara 216. Mutum yana da damar ya ji zafin abin da ake yi wa Falasɗinawa har cikin ransa, ya kuma faɗe shi, ba tare da ya ɗora alhakin a kan 'yan tsirarun iyalai a wani tsibiri da suka gaji ɗakin ibada daga masu gudun zalunci ba. Raba addini da gwamnati, da raba mutum da laifin wani, adalci ne da addininmu ma ya umarce mu da shi, kuma irin wannan ziyara tana sauƙaƙa shi.

Mutanen gari su ma suna samu: direba, mai abinci, mai sayar da tsaraba, da shi kansa ɗan jagoran, wanda sau da yawa ba Bayahude ba ne. Tarihin ma nasu ne. Harshen tsibirin, Papiamentu, ya tsiro ne daga cuɗanyar bayin Afirka da masu jin Fotugis da Sifaniyanci da Turawan Holan, kuma ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa da aka samu a harshen wasiƙa ce ta 1775 da wani Bayahuden Kurasawo ya rubuta wa matar da yake so. Lokacin da UNESCO ta sa tsohon birnin Willemstad cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, da Punda da Scharloo duk suna ciki.

Abin da ake asara

Mu koma kan rairayin nan. Kowane baƙo sai ya tambayi dalilinsa, kuma akwai amsoshi aƙalla uku da jama'ar kansu suke bayarwa. Wasu sun ce tunawa ce da shekara arba'in da Bani Isra'ila suka yi a hamada. Wasu sun ce alama ce ta alkawarin da Allah ya yi wa Annabi Ibrahim na yawaita zuriyarsa kamar yashi. Wasu kuma sun ce kakanninsu a Sifaniya da Fotugal suna zuba yashi a ɗakunan ibadar ɓoye don kada 'yan leƙen asiri su ji motsin ƙafa. Ta ukun ce ta fi daɗin ji, ita ce ke sa idon baƙo ya kawo ruwa, don haka ita ce jagora mai gaggawa yake sayarwa a matsayin tabbatacciyar gaskiya. Alhali babbar majami'ar Amsterdam ta 1675, wadda aka kwaikwaya wajen gina ta Kurasawo, ita ma da yashi a daɓenta, kuma zuba yashi a daɓen katako tsohuwar al'ada ce ta Holan don tsotse danshi da dattin takalmi. Jagora na ƙwarai zai jero duka, ya ce ga abin da aka gada a baki, ga abin da masana ke zato. Wanda ke neman tukuici zai zaɓi mai sa kuka. Da haka tarihi yake komawa tatsuniya, a maimaita ta sau dubu har masu ita su manta cewa da akwai wasu amsoshin.

Wannan ƙaramar illa ce idan aka auna ta da ta gaba.

Arzikin Kurasawo na ƙarni na 17 da na 18 a kan bauta aka gina shi. Kamfanin Holan na Yammacin Indiya, wanda ya mallaki tsibirin, ya mayar da shi zangon bayi. Ana kwaso mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da sansanin Elmina da ke Ghana ta yau, wanda Turawan Holan suka riƙe daga 1637 zuwa 1872. A sauke su a Kurasawo, a bar su su ɗan murmure daga wahalar teku, sannan a sayar da su ga yankunan mulkin Sifaniya. Dubun-dubatar 'yan Afirka sun bi ta wannan tasha. Kamfanin ne ke da ikon jigilar, kuma manyansa Kiristocin Holan ne. Duk mai cewa Yahudawa ne suka ƙirƙiro cinikin bayi ko suka mamaye shi ƙarya yake yi, ƙaryar da masu ƙiyayya suka daɗe suna yaɗawa, masana tarihi kuma sun rushe ta. Amma gaskiya ce cewa attajiran Yahudawan tsibirin, kamar maƙwabtansu Furotesta, sun mallaki bayi a gidajensu da gonakinsu, wasunsu kuma sun sayi bayi daga kamfanin sun sake sayarwa a ƙasashen Sifaniya. Mutanen da suka tsere wa zalunci sun zo sun shiga cikin tsarin da ke zaluntar wasu. Abin da zafi, amma haka ya faru.

To a nan ne zagayen rabin yini yake yawan yin tuntuɓe. Baƙo ya biya kuɗinsa don ya ji labarin juriya da tsira, jagora kuma ba ya son ɓata masa rai. Sai a nuna masa manyan gidaje da kujerun mahogani, a yi shiru a kan hannun da ya fasa dutse, ya ɗauki katako, ya dafa abinci, ya yi renon 'ya'yan gidan. Ba a ambaci Tula ba, wanda ya jagoranci tawayen bayi daga gonar Kenepa ranar 17 ga Agustan 1795, aka kashe shi bayan azaba ranar 3 ga Oktoban shekarar. Ba a ambaci cewa da aka soke bauta ranar 1 ga Yulin 1863, masu bayi aka biya diyyar gilda 200 a kan kowane mutum, waɗanda aka bautar kuwa ba a ba su ko anini ba. Ba a bayyana dalilin da ya sa baƙaƙen fata da yawa a tsibirin suke ɗauke da sunayen iyalan Yahudawa, alhali Katolika ne: wasu jikokin bayin gidajen ne, wasu kuma jikokin 'ya'yan da mazan gidajen suka haifa da matan Afirka, waɗanda ba a shigar da su majami'a ba. Sau da yawa direban motar da ke ɗauke da baƙin jikan waɗannan mutane ne, yana jin ana ba da labarin garinsu an cire kakanninsa daga ciki.

Ni wannan ce illar da ta fi damuna, a matsayina na ɗan Afirka ta Yamma, domin ta gaɓar yankinmu aka fitar da wasu daga cikin mutanen nan. Kuma babu uzurin yin shiru yanzu. Firaministan Holan na lokacin, Mark Rutte, ya nemi gafara a kan bauta ranar 19 ga Disamban 2022, Sarki Willem-Alexander ya maimaita ranar 1 ga Yulin 2023. Gidan tarihin Kura Hulanda, wanda ke ba da labarin cinikin bayi, yana unguwar Otrobanda, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga Snoa idan aka bi ta gadar Sarauniya Emma mai shawagi a kan ruwa. Wurare biyun labari ɗaya suke bayarwa daga gefe biyu. Raba su zagaye biyu, kowanne da nasa baƙi, yana sa kowane rukuni ya koma gida da rabin gaskiya.

Sai maƙabarta. Beth Haim, wato Gidan Rai, an keɓe ta a 1659, tana cikin maƙabartun Yahudawa mafi tsufa a nahiyar. Akwai duwatsun kabari kimanin 2,500 a cikinta, mafi tsufa na 1668. An sassaƙo da yawansu daga Turai, da rubutun Fotugis da Ibrananci da Sifaniyanci, da zane-zane masu ba da labari: jirgin ruwa a kan kabarin matuƙi, hannu daga sama yana sare itace a kan kabarin wanda ya mutu da ƙuruciya, mace a gadon haihuwa a kan kabarin wadda ta rasu wajen naƙuda. A 1915 kamfanin Shell ya fara gina matatar mai a gefen tashar jiragen ruwa don tace ɗanyen man Benezuwela, matatar ta yi ta faɗaɗa har ta kewaye maƙabartar. Shekara da shekaru hayaƙi mai ƙibiritu yana sauka a kan duwatsun yana narkar da su. Shell ta bar tsibirin a 1985, kamfanin man Benezuwela ya karɓi hayar matatar har ƙarshen 2019. Yau rubutun da yawa ya shafe sarai. Ba don masanin tarihi Isaac Emmanuel ya kwafe rubuce-rubucen ya buga su a littafi a 1957 ba, ba don kuma an yi kwafin wasu duwatsun an ajiye a harabar majami'a ba, da sunaye masu yawa sun tafi ke nan.

Ba masu yawon buɗe ido ne suka jawo wannan ɓarna ba, amma suna iya ƙara ta. Dutsen da hayaƙi ya riga ya rubar ba ya jure taku, ko jingina, ko shafa hannu don a karanta harafi. Kaburburan a kwance suke kusa da juna, mai neman hoto mai kyau kuma yakan hau duk inda ƙafarsa ta samu. Ga kuma haƙƙin mamaci, wanda Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kai: maƙabarta ba wurin shewa ba ce. Wani abin takaicin shi ne a kawo baƙi su yi jimamin duwatsu, su hau mota su tafi, ba a gaya musu cewa iskar da ta ci dutsen ita ce mutanen unguwannin Wishi da Marchena, talakawan da ke bayan matatar, suka yi ta shaƙa da 'ya'yansu ba. Abin da ya narkar da marmara, me zai yi wa huhun yaro?

Illa ta gaba tana cikin majami'ar kanta. Ɗakin ibada ne mai rai, amma idan manyan jiragen shaƙatawa suka tsaya a tasha suka juye dubban mutane a gari cikin safiya ɗaya, sai ya koma wurin kallo. A shigo da gajeren wando da rigar wanka, a ɗaga waya, a yi hoto, a fita cikin minti goma sha biyar. Masu wurin su zama kamar wani ɓangare na kayan tarihin, ana tambayarsu ko su nawa suka rage. Akwai ciwo a cikin jin ana ba da labarinka kullum da sigar abin da ya wuce alhali kana zaune a gefe. Kuma jama'ar da ta dogara da kuɗin baƙi tana iya wayar gari ta ga tana tsara kanta bisa abin da baƙo yake son gani. Annobar korona ta 2020 ta nuna wani haɗarin: da jirage suka daina zuwa, kuɗin shiga ya tsaya cak, gishiri kuwa bai daina cin katanga ba.

Kuɗin ma ba duka ke sauka a gari ba. Zagayen da aka saya a cikin jirgi, kamfanin jirgin ne ke fara cire kasonsa, mai motar ya cire nasa, abin da ya rage wa jagora da wurin da aka ziyarta kaɗan ne. Baƙon ya ci abinci a jirgi, ya kwana a jirgi.

Batun tsaro ma ba abin rainawa ba ne. Tallata wurin ibadar 'yan tsiraru ga duniya yana jawo masoya, yana kuma iya jawo mai mugun nufi. An kai hari majami'ar El Ghriba da ke tsibirin Jerba na Tunisiya a 2002 da kuma 2023, an kashe mutum goma sha ɗaya a wata majami'a a Pittsburgh a 2018. Duk lokacin da rikici ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, ƙananan al'ummu irin wannan sukan ƙara gadi da binciken jaka, kuɗin kuma daga aljihunsu yake fita.

Hukuncina

Idan aka ɗora duka a sikeli, fa'idar ta rinjaya. Illolin da na lissafa kusan duka suna da magani a hannun mutane, amma rufin da ya rufta da al'ummar da ta watse ba su da shi, kamar yadda kangon Sint Eustatius ya nuna. Sai dai rinjayen yana da sharaɗi. Dole hukumar yawon buɗe ido ta tsibirin da shugabannin majami'ar su horar da jagorori su faɗi labarin a cike, da Andalus da Elmina, da Isaac da Costa da Tula. A taƙaita yawan masu shiga maƙabarta a lokaci guda, a shata musu hanyar bi, a hana taka kabari. A ware wani kaso sananne daga kuɗin kowane zagaye don gyaran gini da adana abin da ya rage na rubutun duwatsu.

Kai kuma mai karatu, idan Allah ya kai ka Kurasawo, ka nemi jagora ɗan gari ka biya shi hannu da hannu. Ka sa suturar mutunci, ka rufe kanka in an buƙaci haka, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, kada ka je zagayen kallo ranar Asabar domin ranar ibadarsu ce. Ka tambayi jagoran su wa suka yi aikin ginin, ina kuma aka binne su. In ka fito daga Snoa, ka tsallaka gada ka shiga Kura Hulanda kafin ka koma masaukinka.